Fijon da Baba ya bari: in tayar da ita ko in sayar?

"Assalamu alaikum. Mahaifinmu ya rasu shekara tara da suka wuce, ya bar Peugeot 504 GR ƙirar 1983 a ƙarƙashin rumfa a gidanmu na Funtuwa. Tun ranar da ya kwanta ciwo ba a sake tayar da ita ba. 'Yan gwangwan sun zo sau uku suna tayi, ni kuma zuciyata ta ƙi. Sai dai da Corolla mai canza giya da kanta na koyi tuƙi, ban taɓa riƙe sitiyarin tsohuwar mota ba. Yaya tuƙinta yake? In na gyara ta, za ta shiga hanya da ni da iyalina, ko wahala kawai zan saya da kuɗina?"

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya jiƙan mahaifinka, ya sa Aljanna ce makomarsa, ku kuma ya ba ku ikon riƙe zumuncin da ya bari.

Ɗana, abu biyu na ji kana nema. Kana son sanin yadda mutum yake ji in ya zauna a bayan sitiyarin irin wannan mota, kana kuma son a gaya maka tsakani da Allah ko za ta kai ka da matarka da yara ta dawo da ku lafiya. Da abin da hannuna ya taɓa zan amsa maka. Na shiga gareji ina yaro a Kaduna a 1979, lokacin da duk inda ka waiga a titi sai ka ga Fijo, kuma har yau akwai 504 doguwa, steshin wagon, a ƙofar gidana. Da ita nake zuwa ƙauye.

Kafin mu taɓa ƙarfe, akwai maganar haƙƙi. Motar nan gado ce. In ba a raba ba, ku zauna da mahaifiyarku da 'yan'uwanka, maza da mata, a yi mata kuɗi, ka biya kowa rabonsa ko su yafe maka da bakinsu a gaban shaidu. Na sha ganin wanda ya kashe dukiya ya gyara motar uba, ranar da ta fito tana ƙyalli sai kowa ya tuna yana da kaso. Yanzu da take kwance cikin ƙura ne lokacin yin wannan magana.

Wace irin mota ce aka bar maka

An fara fito da 504 a Faransa a 1968, aka zaɓe ta motar shekara ta Turai a 1969. Kamfanin Pininfarina na Italiya ne ya zana jikinta. A 1975, zamanin Janar Yakubu Gowon, aka buɗe masana'antar haɗa Peugeot a Kakuri cikin Kaduna, daidai lokacin da kuɗin Udoji, wato ƙarin albashin da gwamnati ta yi, suka shiga aljihun ma'aikata. Daga nan ta zama motar gwamnati, motar malamin makaranta da ya tara, motar alhaji, motar haya a tasha. A Turai an daina ƙera salun ɗinta a 1983, shekarar da aka haɗa ta babanka, amma Kaduna ta ci gaba da fito da ita fiye da shekara ashirin bayan haka.

Abin da ya sa ta zauna da mu yana ƙarƙashinta. Cikinta ya ɗaga daga ƙasa, ƙafafunta suna da doguwar hanyar hawa da sauka kafin su dunguri jiki, furofelar da ke kai ƙarfi ƙafafun baya kuma tana cikin wani bututun ƙarfe, dutse ba ya samunta. A 1975 da 504 wani ɗan Suwidin, Ove Andersson, ya ci tseren Safari na Kenya, tseren da ke karya motoci a laka da duwatsu. Injinta mai silinda huɗu ne, cc 1971, a kishingiɗe yake gefe guda, ƙarfinsa bai kai doki 100 ba. Babu kwamfuta ko ɗaya a jikinta. Kafireto ke haɗa mai da iska, kwayil da kwantak ke ba fulogi wuta. In ka buɗe bonet, duk abin da ke sa ta tafiya idonka yana ganinsa, hannunka yana kaiwa gare shi.

In ka zauna a bayan sitiyari

Abin da za ka fara ji shi ne kujera. Za ka nutse a cikinta kamar katifar auduga sabon ɗinki. Sannan ka lura da haske: ginshiƙan gilashinta sirara ne, kana ganin gefe da gefe, kana ganin ƙarshen bonet, abin da ba ka gani a Corollarka. Sitiyarin babba ne, siriri a hannu.

Tayar da ita da safe aiki ne da ake koya, musamman da hunturu. Ni ga yadda nake yi da tawa bayan sallar Asuba, lokacin da hazo ya rufe unguwa, sitiyari ya yi sanyi kamar randa. Ina tabbatar giya tana firi, in taka totur sau biyu in saki, in jawo cok, wato abin da ke rage iska don inji mai sanyi ya sami mai sosai, in taka kuloci, sannan in murɗa makulli. Takan yi tari ɗaya, biyu, ta kama da ƙara sama-sama. Ba na taɓa totur. Ina zaune ina sauraro, ina tura cok ɗin ciki kaɗan-kaɗan, har muryarta ta sauko ta daidaita, ta fara wannan bugun silo mai kama da numfashin mai barci. Minti uku ko huɗu ke nan. In ka yi gaggawa ka ja ta da sanyinta, za ta mutu maka a bakin ƙofa. In kuma ka yi ta taka totur don ta ƙi tashi, mai zai cika ta ya jiƙe fulogi, ka ji warin fetur, sai ka haƙura ka jira. Corolla ta ɗauke maka duk wannan lissafi, akwai na'urar da ke yinsa a ɓoye. A 504 ƙafarka da kunnenka ne na'urar.

Kuloci shi ne zai ba ka wuya a makon farko, kada ka ji kunyar hakan. Ka nemi fili, irin filin Idi ko filin ƙwallo da rana tsaka, da wani dattijon direba a gefenka. Abin da kake nema shi ne wurin da kuloci yake kamawa: kana ɗaga ƙafar hagu a hankali sai ka ji muryar inji ta ɗan sauka, gaban motar ya ɗan motsa kamar doki ya ji linzami. Nan za ka tsaya da ƙafar, ka ƙara totur kaɗan, sannan ka ƙarasa saki. In ƙafarka ta haddace wannan wuri, sauran duk mai sauƙi ne, har tashi a kan tudu da birkin hannu. Abu ɗaya nake roƙonka: in ka gama canza giya, ka sauke ƙafarka ƙasa gaba ɗaya. Masu ɗora ƙafa a kan kuloci suna tafiya su ne ke kawo mana shi a ƙone kafin shekara.

Giyarta huɗu ce da ribas. Ba a fizgarta. Ka fitar da ita, ka ɗan dakata a tsakiya kamar mai jan numfashi, sai ka ga ta shige da kanta da yatsu biyu. Kunne ke gaya maka lokacin canji. In inji ya fara kuka sama, yana neman ta gaba. In ka taka totur ka ji yana kakkarwa yana ƙwanƙwasa kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani, ka yi masa nauyi, koma ta baya. Wuce babbar mota kuwa shiri ake yi masa tun daga nesa: ka ja baya ka ga hanya sosai, ka sauko giya ta uku, ka tara gudu, sannan ka fita. Ba ta da wannan zabura ta motocin yanzu da ke fitar da mutum daga kuskurensa. Tsakanin kilomita 80 da 100 a awa nan ne take jin daɗinta, nan za ka ji ta shimfiɗa a kan titi tana tafiya ba gajiya. In ka haura 110 inji zai cika maka kunne, iska ta riƙa fito ta gefen gilashi, mai kuma ya riƙa zurarewa.

Sitiyarin ba shi da mai taimaka masa, ƙarfin damtsenka ne. In motar tana tsaye, juya shi kamar murɗa dutsen niƙa ne, kuma yin hakan yana cin taya da gaɓoɓin ƙafa. Dabarar ita ce ka bar ta tana ɗan gangarawa, ko da tafiyar hawainiya ce, sai ka ji ya saki. Da ta ɗauki hanya kuwa, nan ne za ka gane abin da ya sa tsofaffin direbobi ba sa daina zancenta. Duk abin da tayoyin gaba suka taka yana zuwa tafin hannunka. Za ka san kwalta ta canza kafin idonka ya gani. Za ka san yashi ya hau titi don sitiyarin zai yi sakayau. Za ka san tayar hagu ta rage iska don za ta riƙa janka can. A kwana tana kwantawa gefe sosai, wanda bai saba ba sai ya tsorata, alhali ƙafafunta suna dafe da ƙasa. Ka rage gudu tun kafin kwanar, ka shiga da totur kaɗan, za ta zagaya da kai cikin natsuwa.

Inda ta fi kowa kuwa shi ne hanyar burji. Akwai wata hanya da nake bi zuwa garinmu wadda damina ke mayarwa kunya-kunya kamar gonar dawa. Ƙananan motocin zamani a nan sai ka ga suna rarrafe, cikinsu yana gugar ƙasa, duk abin da ke cikin mota yana kaɗawa. Tawa in na sa ta a giya ta uku na bar ta a gudu matsakaici, sai ƙafafun su yi ta aikinsu a ƙasa, jikin yana lilo a hankali kamar kwalekwale, tsohuwa tana gyangyaɗi a baya ba ta farka ba. Shekara fiye da arba'in ina wannan aiki, har yau in na hau wannan hanya sai na ji daɗi a raina. Hattara ɗaya: ƙafafun baya ne ke tura ta. A jar laka mai santsi in ka danna totur da ƙarfi, bayanta zai nemi ya wuce gabanta. In ka ji haka, ɗaga ƙafa daga totur a hankali, ka juya sitiyari ta inda bayan ya nufa, kada ka taka birki.

Sannan ga sauraro. Motarka ta yanzu fitila take kunna maka in wani abu ya lalace. Wannan kuwa tun kafin ya lalace take faɗa, in ka iya jin yarenta. Warin fetur a cikin ɗaki yana nufin wani tiyo ya tsage, tsaya nan take. Ƙara kamar kukan tsuntsu in ka taka totur, fambel ne ya saki. Ƙas-ƙas-ƙas daga saman inji kamar keken ɗinki, tafet, wato abin da ke danna bawul ɗin inji, shi ke neman a daidaita shi. Allurar zafi kuma ka mayar da ita kamar madubi, kowane 'yan mintoci ka kai mata ido.

Wata rana ina dawowa daga Zariya, dab da Magariba, kusa da Jaji, sai ta fara shaƙewa, ta yi tari, ta mutu. Na gangara gefe. Mai yana zuwa kafireto, na duba. Na cire murfin distilbuta, wato abin da ke raba wa fulogi wuta, na buɗe bakin kwantak da farce, sai na ga ya yi baƙi ya ƙone. Babu sabo a tare da ni. Wani mai shayi a bakin hanya ya ba ni kwalin ashana, na yage gefen da ake ƙyastawa, na zura tsakanin bakin biyu na goga har ƙarfen ya yi fari, na hure, na gyara tazarar da kaurin kwalin, na mayar da murfi. Bugu ɗaya ta tashi. Na yi sallah a nan, na sha shayi, na iso gida kafin Isha'i. Da motar kwamfuta ce, sai dai a nemo mai ja. Wannan shi ne cinikin da ke tsakaninka da tsohuwar mota: za ta tsaya maka fiye da sabuwa, amma yawancin tsayuwarta abin da za ka gyara ne da sukundireba da filaya a bakin hanya, in ka yarda ka koya.

Abin da ba ta da shi

A nan zan yi maka magana ba sakaye, don ka ambaci iyali. Za ka ji mutane suna cewa motar da ƙarfe ce zalla, ta yanzu gwangwani. Kada wannan ya ruɗe ka. Motar zamani da gangan aka yi gabanta ya lotse in an yi karo, don ƙarfen ya shanye bugun kafin ya iso ga mutum, ɗakin da ake zaune kuma aka ƙarfafa shi. Na ga 504 da ta yi karo, jikinta bai nuna wani abin kirki ba, amma sitiyari ya sami ƙirjin direba. Ba ta da jakar iska ko ɗaya. Ba ta da na'urar da ke hana taya kullewa in an taka birki da ƙarfi, don haka in ka danna shi a firgice, tayoyin za su daskare, motar ta zarce kai tsaye ko ina ka juya sitiyari. Direbobin da sukan taka su saki, su taka su saki, da sauri. Ka koyi wannan a fili tun kafin ranar buƙata. Tazarar da kake bari tsakaninka da na gabanka a Corolla, ka ninka ta.

Yawancin waɗanda suka shigo hannuna ba su da bel a kujerar baya. A sa mata, a ɗaure shi a jikin ƙarfe mai lafiya da ƙusoshi masu ƙarfi, kafin yaro ya zauna a ciki. Fitilunta ma ba su kai na yanzu haske ba, ga masu tahowa da fitilu masu kashe ido. Ni kaina na daina tafiyar dare da tawa.

Kafin a murɗa makulli

Babban kuskuren da za ka yi shi ne ka aro batir ka ɗaura ka ce bari mu ji ko za ta tashi. Shekara tara baƙin mai ya tsiyaye daga ko'ina ya koma ƙasa, zoben fistin wataƙila ya manne da bango. Bugu ɗaya a bushe zai iya ƙarje silinda ko ya karya zobe, ka mayar da ƙaramin aiki babba.

A fara cire fulogi huɗun, a zuba baƙin mai kamar cokali biyu a kowane rami, a bar shi kwana biyu ko uku. Sannan a sa sifana a kan fulin da ke gaban inji a gwada juya shi da hannu. In ya zagaya sumul, ka yi hamdala, rabin damuwarka ta tafi. In ya ƙi, kada a tilasta, a ƙara mai a ƙara haƙuri. A zaro sandar gwada mai a duba: baƙi ko ruwan zuma ba laifi, amma in ya yi kalar shayi mai madara, ruwa ya shiga. Injin 504 silindoginsa hannun riga ne da ake zarewa, ruwa na zagaye da su, akwai abin toshiya a gindinsu da gaskit a sama, ɗayansu ne ya saki. Wannan tsari alheri ne, don ana iya sa sababbin hannun riga da fistin inji ya koma kamar sabo ba tare da an kai shi wurin masu faɗaɗa ramin silinda ba.

Tsohon fetur ya zama danƙo, don haka a sauke tanki a wanke, a wanke kafireto, a canza robar famfon mai da duk tiyon da mai ke bi. A nemo rewaya ya bi wayoyi ɗaya bayan ɗaya, don ɓeraye sun yi shekara tara suna haya a ciki, kuma wayar da aka gwaguya kusa da fetur ita ce gobara. Ka sayi abin kashe wuta ka ajiye inda hannunka zai kai.

Sai ruwa. Kan injin nan na alminiyom ne a kan gangar ƙarfe, zafi ɗaya mai tsanani ya isa ya lanƙwasa shi. A wanke lagireto, a canza tiyoyinsa da murfinsa, a duba famfon ruwa. Fankar 504 ta asali tana da maganaɗisun da ke kama ta in inji ya yi zafi, ya sake ta in ya huce. Da yawa an ɗaure su sun zama masu juyawa kullum, a tabbatar dai taka tana juyawa lokacin da ya kamata. Akwai kuma al'adar cire tamostat, wato abin da ke tsare ruwa har inji ya yi zafi, a yar, wai ƙasarmu da zafi. Ban yarda da wannan ba. Injin da ba ya kaiwa zafinsa na aiki da wuri yana shan mai, yana cin kansa, musamman da sanyin hunturu. A sa sabo mai kyau. Kuma a daina zuba ruwan rijiya zalla, shi ke toshe lagireto da tsatsa.

Birki kuwa ba a duba shi, sabunta shi ake yi: robobin babban famfo da na ƙafafu, tiyoyin roba, man birki duka. Wani bawan Allah ya taɓa kawo mini 504 da ya kashe kuɗi mai yawa a fenti da kujeru, tana ɗaukar ido, amma gabanta a lotse. Tiyon birki mai shekara talatin ne ya fashe masa a cunkoso, feda ta tafi ƙasa, ya daki bayan tifa. Allah ya kiyaye a hankali yake tafiya. Kuɗin tiyon bai kai na fentin ƙofa ɗaya ba. Tayoyi ma haka, ko da zanensu bai goge ba, sun mutu. A gefen kowace taya akwai lamba huɗu, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta. Ka duba wannan in za ka sayi sababbi, kada a ba ka tsohuwar ajiya.

Abin da zai yanke hukunci a kan motar gaba ɗaya shi ne tsatsa. Ɗaga shimfiɗar ƙasa ta gaba da ta baya, duba cikin but, duba ƙasan ƙofofi da wuraren da ake kafa jak, ka caka sukundireba. Motocin da suka zauna a Arewa sun fi na bakin teku sa'a a nan saboda bushewar iska, taka kuma tana ƙarƙashin rumfa. Ƙaramin rami mai walda zai toshe. Amma in wuraren da ƙafafu suke ɗaure da jiki sun ruɓe, zan ce ka haƙura da hawa da ita titi. Ban ga motar ba, don haka wannan hukunci na wanda zai shiga ƙarƙashinta da tocila ne. Fenti shi ne na ƙarshe, in ma fentin Baba bai mutu ba, a wanke a goge a bar shi.

Kuɗi, kayan gyara da mai gyara

Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, shan mai ya zama abin lissafi. Tawa in tana cikin lafiya, lita ɗaya tana kai ni kilomita takwas zuwa tara a doguwar hanya, a cikin gari ba ta kaiwa haka. Corollarka ta fi ta sauƙi nesa ba kusa ba. Wannan kaɗai ya isa ya hana ka mayar da ita motar zuwa aiki kullum.

Kayan gyara ana samu, a Ƙofar Ruwa a Kano, a Panteka a Kaduna, da hannun tsofaffin masu shaguna a garuruwa da dama. Matsalar ita ce jabu ya yi yawa, musamman kwantak, kwandensa da robobin birki. Ka riƙa tafiya da tsohon a hannunka kana gwadawa, kuma sau da yawa na asali da aka ciro daga wata motar ya fi sabo mai arha. Abin da ya fi kayan wuyar samu shi ne hannu. Yaran garejin yanzu da na'ura suke gano ciwon mota, ba laifinsu ba ne, abin da zamaninsu ya kawo ke nan. Masu daidaita kafireto da kunne kuwa mun tsufa, muna raguwa. Je tsohuwar tashar garinku ka tambayi dattawan direbobi wa yake yi musu Fijo a da. Za su nuna maka shi. In ka same shi, kada ka ajiye mota ka tafi. Zauna a kan benci ka kalla, ka yi tambaya, ka riƙe masa sifana.

Za a ba ka shawarar a cire injin a sa na wata motar Japan. Ga mai haya da ke neman abinci, na fahimta. Kai kuwa abin da kake nema a motar nan muryarta na cikinsa, wadda ka riƙa ji tun kana yaro in Baba ya shawo kwanar gida. In an canza inji, ta tafi. Canjin da na yarda da shi shi ne wanda ba ya taɓa halinta: bel, sababbin wayoyi, ƙarin hasken fitila, da na'urar ba da wuta da ke maye gurbin kwantak in ka gaji da goge shi.

To, ka gyara ta ko ka sayar? In inji ya juya, ƙasanta kuma da lafiya, ka gyara, kada ka ba 'yan gwangwan su auna ta a sikeli. Amma ka riƙe Corollarka don aiki, asibiti da tafiyar gaggawa. Wannan ta zama ta Juma'a, ta Sallah, ta ziyarar dangi da rana. Ba a fafe gora ranar tafiya: wata na farko kai kaɗai a cikin gari, sannan ka gwada Bakori ka dawo, ka buɗe bonet ka duba ko wani wuri na ɗiga, sannan Malumfashi ko Zariya. Sai ta yi irin waɗannan tafiye-tafiye sau da yawa allurar zafi ba ta motsa ba, birki bai canza ba, takardunta da inshora sun cika, sannan ka ɗauki iyali. A but kada a rasa galan na ruwa, fambel, kwantak, fulogi, filaya, sukundireba da tocila. Kuma ko ba ka da inda za ka, ka riƙa zagayawa da ita sau ɗaya a mako har ta yi zafi, don zama ya fi tafiya kashe irin waɗannan motoci.

A wannan makon abu uku kawai nake so ka yi, ba sai ka kashe ko sisi ba. Zaro sandar mai ka ga kalarsa. Ɗaga shimfiɗar ƙasa ka caka ƙarfen. Sannan ka buɗe aljihun gaban mota ka duba a hankali, don mutanen zamanin babanka da yawa suna ajiye ɗan littafi da suke rubuta ranar da aka yi sabis da abin da aka canza. In ka same shi, ka rubuto mini abin da ke shafin ƙarshe tare da kalar man, daga nan sai in gaya maka ta inda za a fara.